Shekarar da na hana Rakiya tura darasi

Akwai maganar da na daɗe ina ji tana yawo a gidan nan, wai ƴar'uwarku Rakiya ta bar Magarya ne don ta kasa aikin da aka ba ta. Na ji ta a bakin Sani, na ji ta a bakin matar Habu, har ranar sunan ɗan Nana na ji wata baƙuwa tana maimaita ta kamar a gabanta aka yi. Ban taɓa tankawa ba, kuma shirun nan nawa shi ya sa maganar ta zauna. To yau zan rubuta muku yadda abin ya faru. Innarku da ta san shi tun daga tushe Allah ya yi mata rasuwa, ita kuwa Rakiya kun san halinta, ba za ta buɗe baki ta wanke kanta ba in dai wankewar za ta shafe ni.

Kun tashi kun same ni malamin gona, mutanen ƙauye na ce mini Mushe, wato monsieur na Faransanci. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda aka koya mana aikin. Tsohon da na fara aiki a ƙarƙashinsa ba ya yarda ka tsaya gaban manoma sai ka zauna da su tukuna. Horon kwana uku, wanda muke ce wa formasiyo, sai mu yi wata uku muna shirya shi. Ka je ƙauye ka kwana biyu kana tambaya, ka leƙa rumbu, ka duba gona, ka ji da wace kalma suke kiran abu. Ka dawo ka tsara darasi a takarda. Ka koma ka gwada shi a kan mutum biyar, ka ga inda suka yi shiru da inda suka kalli juna, ka dawo ka gyara. Sai bayan nan a tara jama'a ƙarƙashin gawo ko tsamiya, in jingina allona da kututture, mata a gefe guda da goyonsu, dattawa a gaba suna jiran in yi kuskure su kama ni. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa don zaman, da dariyar da ake yi in na zana akuya ta fito kamar kare. Shekara talatin da ɗoriya haka na yi aiki, ban san wata hanya ba, kuma ban ga dalilin neman wata ba.

Saura mini shekara ɗaya in ajiye aiki aka kawo wani proje, wato shirin tallafi, na adana wake. Kun san yadda ƙwaro ke yi wa wake: a zuba shi lafiya lau da kaka, kafin sanyi ya wuce ya zama rami da gari. Mutane kan sa masa ƙwayar guba, ita kuma gubar ta sha kwantar da gida guda. Projen na son a koya wa ƙungiyoyin mata na Magarya da Dungas yadda za su adana wake a buhun nan mai leda biyu a ciki, ba tare da guba ba. Amma wannan karon ba tara mutane za a yi ba. Darasi za a ɗauka da murya da hoto a tura ta waya, shugabar kowace ƙungiya ta kunna wa matanta. Ni aka ba alhakin abin da za a faɗa, ba a tura komai sai na sa hannu. Wadda aka ɗauka ta haɗa darussan a ordinater, wato kwamfuta, kuwa ita ce Rakiya, lokacin ta dawo daga karatu a Damagaram. Aikin gwaji aka ba ta na wata shida, in an ji daɗinta a riƙe ta. Shugaban projen mutumin kirki ne, a Damagaram yake zaune, sai jefi-jefi yake zuwa. Ranar da ya haɗa mu a biro, wato ofis, gero bai kai gwiwa ba. Ya ce mana:

"Abu ɗaya nake roƙo, darasin ya isa hannun mata kafin a fara roron wake."

Rakiya ta ɗauki littafin projen da aka rubuta da Faransanci, ta juya shi Hausa, ta raba shi gida goma. Akwai wani tsari a ordinater ɗin da aka riga aka yi, sai dai ka zuba magana ka liƙa hoto. Ta shiga ɗakin innarku ta rufe taga saboda kukan kaji, ta karanta da muryarta. Kwana ashirin ta gama. Ni da na saba wata uku, sai na ji kamar an ce mini an gina ɗaki tsakanin azahar da la'asar.

Wata ranar Juma'a da hantsi ta kunna mana a tsakar gida. Innarku na zaune a tabarma tana tsinke zogale, ni ina kan kujerata. Muryar ta fita tas, hotunan sun yi kyau, ba zan ɓoye ba. Aka zo inda take cewa ƙwaro yana mutuwa ne saboda rashin oksijan, sai innarku ta ɗago kai ta ce:

"Shi wannan oksijan ɗin, a wace kasuwa ake samunsa?"

Rakiya ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba. Na ɗauko takarda na fara lissafa mata: kin ce kilo, matan ƙauye da tiya suke awo. Kin ce a gwada bushewar wake da na'ura, wa ke da na'ura a Guci? Hoton rumbun nan ba irin namu ba ne. Ta saurare ni har na kai ƙarshe, sannan ta ce:

"Baba, duk gaskiya ne, kuma kwana biyu sun ishe ni in gyara waɗannan. Amma gundarin maganar yana ciki: a shanya, a ɗaure, kada a sa guba. Mu tura yanzu. Abin waya ba kamar takarda ba ne, in mun ga kuskure sai mu gyara mu sake turawa."

Na ce mata: "Maganar da ta shiga wayar ƙauye ba ta dawowa. Wannan ta tura wa waccan, waccan ta kai garin mijinta. Ke kina nan kina gyara, ta farkon tana can tana aiki. Ba a koyar da mutanen da ba a zauna da su ba."

"Zaman nan wata nawa zai ci, Baba?"

"Abin da ya ci."

Innarku ba ta cika sa baki a maganar aikina ba, amma ranar ta ture faifan zogalen gefe ta ce:

"Malam, ni dai na gane abin da yarinyar nan ta faɗa, in ban da oksijan. Ka bar ta ta tura."

Na ce mata ita matar malamin gona ce, dole ta gane. Na tashi na tafi masallaci, ban sa hannu ba. Ina so ku riƙe wannan da kyau: darasi goma suna nan a gama cikin ordinater ɗin Rakiya tun gero bai fid da kai ba. Ni na hana su fita.

Daga nan muka shiga yawo, ni da ita a kan tsohon motona mai ƙafa biyu. In na ce muku ban ji daɗin watannin nan ba na yi ƙarya, kuma wannan yana cikin abin da ke damuna. Tun tana ƙarama ban taɓa samun zama da ita haka ba, kullum ina hanya. Mukan fita bayan sallar asuba, ita a baya da jakar ordinater a rungume, ƙasa ta yi kore shar ko'ina, gero na kaɗawa dama da hagu. A hanyar Waca muka taɓa kafewa a laka, ta tuɓe takalmi ta tura ni, da muka fita sai ga ta da taɓo har goshi, muka zauna bakin hanya muna dariya kamar sa'o'in juna. A Dungas akwai wata mai fura da ke ajiye mana kindirmo duk ranar kasuwa, tana ce wa Rakiya ƴar Mushe mai injin magana. Mukan sayi dafaffiyar gyaɗa mu ci a gindin bishiya, ta riƙa tambayata labarin ƙauyukan da muke wucewa, wa ya haƙa rijiyar can, me ya sa waɗancan suka tashi daga tsohon gari. Ban san ina da labari da yawa haka ba sai da na samu mai tambaya.

Kuma zaman ya haifar da abu. A wani ƙauye kusa da Waca wata tsohuwa ta ɗebi wake ta gatsa da haƙori ta ce in ya yi ƙas to ya bushe, in ya lotsa a mai da shi rana. Rakiya ta ɗauki ƙarar a waya, ita ce ta maye gurbin na'ura. A Guci muka gano abin da littafin bai san da shi ba sam: yawancin matan ba su da waken da zai cika buhu. Na miji ne ke cika buhu, nata tiya biyar ne ko goma daga ɗan gayaunanta. Sai muka ƙara darasi a kan bidon mai, wato jarka, a wanke shi ya bushe, a cika shi da wake har wuya, a toshe bakin da leda. Muka ji ɓera na huda buhu, muka ƙara maganar ɗora shi a kan itace nesa da bango. Muka ji mata na kwance buhu duk ranar da za a yi ƙosai, muka ƙara cewa a ware na ci daban. Da muka gwada darasin a kan mata biyar sai muka ga muryar Rakiya ta yi musu sauri, suna cewa ta yi kama da ta rediyo. Ita da kanta ta roƙi innarku ta karanta. Innarku ba ta iya boko ba, sai Rakiya ta faɗa mata magana ita kuma ta maimaita da nata bakin, ta ƙara gishirinta. Ita ce ta ce ƙwaro ma mai numfashi ne, in ka toshe masa hanci sai ya mutu. Mata suka riƙa cewa a sake kunna wurin.

Rakiya ba ta taɓa yi mini gardama a gaban mutane ba. Sai dai duk mako, in muna hanyar dawowa, takan matso kusa da kunnena saboda ƙarar moto ta faɗi magana ɗaya.

"Baba, wake ya yi fure."

Bayan kwanaki: "Baba, wake ya fara ƴaƴa."

Ranar da muka wuce wasu mata sunkuye a gona da ƙorai, ta ce: "Baba, an fara roro. Ko darasi uku na farko mu tura, sauran su biyo baya."

Na ce mata ba a ba mutum rabin magani. Saura gwaji ɗaya. Gwajin nan ɗaya ya zama uku, don duk inda muka je sai na ga abin gyara, ni kuma ba na iya ganin abin gyara in wuce. A duk ƙauyen da muka sauka ina ce wa mata kada su sa guba bana, darasi yana zuwa. Waɗanda muka zauna da su na nuna musu yadda ake yi da hannuna. Abin da ban lissafa ba shi ne maganar tawa za ta yi gaba ta bar ni. Ta bi kasuwanni ta shiga ƙauyukan da ban taka ba, kuma rabinta kawai ta isa: Mushe ya ce kada a sa guba, a jira.

Sai da sanyi ya kankama na sa hannu. Bayan mako biyu muka je kasuwar Guci don mu ji yadda aka karɓi darasin. Ina tsaye wajen masu hatsi sai wata mata ta nufo ni, za ta yi shekara hamsin, da ƙullin zane a hannu. Ta ce sunanta Zulai, ita ce shugabar mata a wani ƙauye gabas da Guci, ƙauyen da ban taɓa zuwa ba. Ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi iyali, sannan ta ce:

"Mushe, buɗe hannunka."

Na buɗe. Ta kwance ƙullin ta zuba mini wake. Babu ƙwaya ɗaya da ba ta da rami, wata rami biyu wata rami uku, ƙwari na fita suna bin yatsuna.

"Darasinku ya iso, mun ji, ya yi daɗi. Mun gane komai. Sai dai ba mu da abin zubawa a bidon. An ce ka ce mu jira, muka jira. Mu goma sha huɗu ne a ƙungiya, da wannan muke sa ran miyar rani da irin baɗi. Ko kalma biyu da kun aiko mana tun da kaka, da mun kama."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta karkaɗe zanenta ta yi mini sallama ta tafi. Na juya na ga Rakiya tana kallon ƙasa. Ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba, ko a ranar ko bayanta.

Yanzu ga wurin da ya fi mini nauyin rubutawa. Da wata shidan suka cika, shugaban proje ya zo ya zaunar da mu a biro. Shi bai san akwai darasin da aka gama tun damina ba, domin duk wata in ya tambaya Rakiya kan rubuta masa cewa ana kan aiki, ba ta ce mahaifinta ya ƙi sa hannu ba. Ya yaba darussan ƙwarai. Sannan ya dube ta ya ce, ba da faɗa ba:

"Madam, an ɗauke ki ne don a yi sauri. Kaka ta wuce mu. Me ya faru?"

Ta ce: "Ban iya tsara lokaci ba, ranka ya daɗe."

Ina zaune a gefenta, tsakanina da ita bai fi kamu biyu ba. Kalma ɗaya ta ishe ni. Na tuna shekaru talatin ba a taɓa rubuta mini laifi ba, na tuna saura ƴan watanni a yi mini walimar sallama. Na dubi hulata a kan gwiwa na yi shiru. Ba a sabunta mata aikin ba. Bayan wata biyu ta samu wani a Yamai ta tafi, can ta yi aure, can take har yau. Innarku ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba sai abin da ya zama dole. Rana ta huɗu ta ajiye mini tuwo ta ce:

"Malam, wake an yi asara za a sake shukawa. Yarinyar nan fa?"



Da kaka ta zagayo darussan sun yi aiki, wannan kam ba mai musu. Mata suka riƙa tura wa juna har ƙetaren iyaka, bidon mai ya yi wuyar samu a kasuwar Dungas. Mutane na tare ni suna cewa aikin Mushe ba ya tashi banza, ni kuma ina karɓar godiya. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa wannan ya nuna ni ke da gaskiya. Amma tsufa yana ba mutum lokacin juya magana. Hanyata ta samo bidon da haƙorin tsohuwa, ta Rakiya ba za ta samo su cikin kwana ashirin ba. Tata kuwa da ta isa ƙauyen Zulai da wake yana da rai. Ba abin da ya hana mu tura uku na farko mu ci gaba da yawonmu, sai dai ni ban iya jure a ji sunana a kan abin da bai kammala ba. Ina ce wa abin kula da manoma, alhali rabinsa kula da kaina ne. Wataƙila kuma, Allah ya sani, ban so yawon ya ƙare ba.

Sai bayan rasuwar innarku na iya buɗe baki. An yi addu'ar bakwai, baƙi sun ragu, Rakiya na tsakar gida da rana tana ninke tabarmi. Na kira ta ta zo ta durƙusa. Na ce mata ranar nan a biro ni ya kamata in yi magana ban yi ba, ina neman ta yafe mini. Kanta a sunkuye ta ce:

"Baba, ban taɓa riƙe ka ba. Abin da nake ci da shi yanzu a Yamai, a bayan motonka na koye shi. Ba na haɗa darasi sai na je na zauna da mutane."

Na ji sanyi a raina, har na fara murmushi. Sai ta ɗago ta dube ni, idonta irin na innarku sak, ta ƙarasa:

"Amma da ni ce mai sa hannu a shekarar nan, Baba, da na tura."

Na ce mata da kin yi daidai. Shekara goma da ɗoriya ta jira ta ji wannan daga bakina, ku kuma ga shi na rubuta muku da hannuna. Daga yau duk wanda ya ji ana cewa Rakiya ta kasa, ya ce mahaifinta ne ya riƙe takarda.